Wadda Ta Zo Goyon Ciki

Duk wanda ya san ni a Landan ya san idan na ce goma sai a cire tara a ajiye gefe, ragowar ɗayan ma a ɗaga shi a duba a hasken rana. Ba na musu. Allah ya ba wani dukiya, ya ba wani karatu, ni kuwa ya ba ni baki mai yisti, ko ƙwayar gero na sa a ciki sai ta kumbura ta zama buhu. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci mukan taru a bayan shagon wani ɗan'uwanmu a Stratford, ana cin wake da shinkafa da yaji mai sa kunne ƙaiƙayi, kuma ni ake jira. Akwai wani Bakano, Malam Sani, ma'aikacin asibiti ne, shi ke kunna ni. Kafin in wanke hannu zai ce, "To Sarkin Ƙari, yau kunkurayen garinku nawa ne?" Ni kuma in ce masa a zamaninmu mutum kan taka bayan kunkuru tun daga bakin zango har garin gaba, ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba. A yi ta dariya har wani ya ƙware. Shekara da shekaru ina ba su wannan labarin, kullum ina ƙara musu yawa, kuma ban taɓa gaya musu inda kunkurayen suka tafi ba.

A makon da 'yata Rabi ta tattaro kayanta daga gidan mijinta ta dawo flat ɗinmu na Thamesmead goyon ciki, a makon ne wani direban minicab da ya je Gana hutu ya kawo mini kaset daga ƙanena Inusa. Na zaci gaisuwa ce da jerin waɗanda suka rasu, kamar kullum. Bayan ya gama jerin, ina jin teku a bayansa, sai ya ce da Hausarmu ta zango:

"Yaya, kunkurun teku ya ƙare. Bara duka lokacinshi, wanda ya hau bai cika yatsan hannu biyu ba. Yanzu masu kifi da mu mutanen zango mun haɗa kai, kowane asuba muna bin bakin ruwa mu nemi wurin da ya sa ƙwai mu kewaye da kara, kamin alade da kare su tone. Wani yarinya mai karatun dabbobi ya zo daga Ankara, babban birnin Gana, ya koya mana yadda ake ɗauke ƙwai in ruwa zai ci shi. Amma ramin ne ba mu gani. Mu tona nan, mu tona can, alade ya fi mu ilimi. Papa Tete ya makance, amma ya ce a tambayi ɗan mahauci, shi kaɗai ya rage. Ka yi mana kaset, ka koya mana, kamin su fara hawa."

Na kashe rikoda. Papa Tete shi ne dattijon masuntan garinmu, kuma rabon da sunana ya fito daga bakinsa tun kafin in bar ƙasar. Yanzun ma bai fito ba. Ɗan mahauci ya ce.

Zangonmu ba shi da girma, 'yan gidaje ne da masallaci mai rufin kwano, a bayan garin masunta, tafkin gishiri ta wannan gefe, teku ta wancan. Kakanninmu fatake ne na goro da shanu, suka sauka da niyyar kwana biyu, har yau ba su gama kwana biyun ba. Abin da nake fara tunawa da shi ƙara ce. Teku ba ta yin shiru, sai dai kunne ya gaji ya daina jinta, har in baƙo ya ce bai iya barci ba mu tambaye shi me ya hana shi. A kan wannan ƙarar ake ɗora sauran: kiran sallar ladanmu mai tari, ƙahon da masunta ke busawa idan taru ya yi nauyi, waƙar jan igiya da mutum ɗaya ke bayarwa hamsin su amsa, ƙarar mata suna kankare murhun banda, da hankaki da ke zagin kowa daga kan kwakwa. Aikina na safe shi ne in wanke katakon da Baba ke saran nama a kai da yashi da lemun tsami, in wasa wuƙaƙe a dutse har su aske gashin hannu, sannan in tafi tsintar ɓawon kwakwa wa Inna. Idan aka busa ƙaho kuwa, duk ɗan zango mai ƙashi a jiki sai ya ruga ya kama igiya, domin duk wanda ya ja yana da rabonsa na kifi, ba a tambayar addininsa. A nan Thamesmead ma akwai ruwa, kogi ne mai hawa da sauka, amma bebe ne. Na taɓa tsayawa a bakinsa rabin awa ina sauraro, abin da na ji kawai bas ne yana canza giya.

Da kakanninmu suka nemi wurin zama, masunta ba su karɓi ko goro ɗaya ba. Sharaɗi ɗaya suka kafa: kada hannun ɗan zango ya taɓa kunkurun teku. Su a wurinsu kaka ce, sun ce ita ta ɗauko kakansu a bayanta ranar da kwalekwalensa ya kife. Mu dai ba mu yarda da labarin ba, amma an karɓi sharaɗin an yi fatiha. Baba yana kiranta kififiya, kuma yana yawan cewa, "Baƙon da ya tarar da tabarma a shimfiɗe ba dole ya san wanda ya saƙa ta ba, amma ba ya yanka ta ya yi takalmi." Na sha ganin yadda ake yi idan kififiya ta faɗa taru. Waƙa takan mutu a tsakiyar baiti. A aika a kira Papa Tete, ya zo a hankali da ƙyallen farin alawayyo, ya durƙusa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba surukarsa haƙuri. In sai an yanka taru kafin ta fita, a yanka, ko da sabo ne. Majiya ƙarfi su raka ta har ruwa ya kai musu ƙirji, kuma ranar an gama kamun kifi ke nan. Mu 'yan zango mukan koma gida muna gunaguni, an hana mu kifi saboda tsohuwa ta zo wucewa.

Ƙwai ne kawai aka yi mana rangwame a kai. Idan kififiya ta yi kuskure ta haƙa raminta ƙasa da iyakar ruwa, inda igiya za ta cinye shi ko ta yaya, to an yarje wa 'yan zango su tone. 'Ya'yan masunta ba sa taɓawa, ba sa ma tsayawa kallo. Shi ya sa ilimin ramin ya zauna a hannunmu, mu baƙi, kuma a cikinmu babu kamata. Wannan kam ba ƙari ba ne, ko da yake na taɓa gaya wa Malam Sani cewa ina jin ƙamshin ƙwan tun daga kan tabarmata. Kififiya tana da wayo. Da safe za ka ga sawunta kamar tarakta ta fito daga teku ta koma, a tsakiya kuma fili ne da ta watsa yashi ko'ina, ga wani kwari a fili yana ce maka nan ne. Wawa kan tona kwarin nan har ya fito Makka bai sami komai ba. Ni sai in fara rarrabe sawun hawa da na sauka, in bi na hawa har inda ya ɓace ƙarƙashin yashin da ta watso, in tsaya a nan da sandata mai tsini, in dinga sokawa. Yashi mai tauri, mai tauri, mai tauri, sai ka ji sanda ta zurma kamar ta sami ƙofa. Ƙwan fari ne, zagayayye, ɓawonsa taushi kamar fata, farinsa kuma ko ka kwana kana dafawa ba ya daskarewa. Inna kan soya mana shi da albasa mu ci da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami.

Haka muka taso har shekarar yunwa. Wanda ya gan ta ba ya bukatar a faɗa masa wace shekara ce. Ruwa ya ƙi zuba, wuta ta ci gonaki a can cikin ƙasa, motoci suka yi ta sauke 'yan'uwanmu da aka koro daga ƙasar maƙwabta, kowa da katifa a ka da baki a buɗe. Teku ma ta rufe hannunta. Sai a ja taru tun safe har hantsi, a fito da ciyawar ruwa da kifi kwano ɗaya. Katakon Baba ya bushe har ya tsage, don babu dabbar da za a ɗora masa. Ni lokacin na yi aure, Rabi tana tatata, kuma wuyanta ya yi siriri har kanta ya yi mata yawa. Ƙaho ya daina kira, mata suka daina kankare murhu, hankaki ma ya bar gari.

Wata safiya samari uku na masunta suka shigo zango suna waige-waige. Wata babbar kififiya ta faɗa tarunsu can nesa da gari, ba su aika wa Papa Tete ba. Sun sa filafilai sun kifar da ita ta baya, domin, in ji su, jini aka hana su zubarwa, ba a hana su kifarwa ba. Kuma an hana su kashewa, amma babu wanda ya taɓa hana su cin abin da baƙo ya kashe. Saura wuƙa, saura hannun da ba nasu ba. Baba yana zaune a zaure yana jan carbi, ya saurare su har suka gama.

"Ku je ku tashe ta," ya ce.

Na ce, "Baba, liman ya ce duk abin da ke cikin teku halal ne."

"Halal ne. Alkawarin kuma da aka yi wa fatiha, shi ma liman ya ce a ci?"

"Yara na mutuwa, Baba."

"Na sani. Ni na haƙa kabarin biyu a makon nan. Ka zauna."

Na zauna har ya shiga alwala. Sannan na zare babbar wuƙarsa daga rufin zaure, na naɗe ta a tsumma, na bi bayansu.

A nan bakina mai yisti ba shi da aiki. Tsawonta ya kai ƙyauren ɗaki. Tana kwance ta baya a rana, hannuwanta na dukan iska, kuma duk numfashin da za ta ja sai ta yi nishi irin na tsohuwar da ke hawan tudu da tulu. Ruwa mai kauri na zuba daga idonta, yashi ya manne a kai. Samarin uku suka juya mini baya suka fuskanci teku, don kada a ce sun gani. Na yi bisimilla, ban san ko an karɓa ba. Na yanka rago, na yanka sa, duk na san inda ransu yake, amma ita ban sani ba. Na daɗe. Da na buɗe cikinta sai ƙwai suka gangaro, farare tas, sun gama haɗuwa, a daren ranar ko washegari za ta hau ta zuba su. Zuciyarta na jefa a tasa, kuma har aka kira azahar tana bugawa ita kaɗai a cikin tasar. Mata suka fara zuwa da kwanuka, matan masunta da matan zango, kowace ta rufe rabin fuska da zane, babu mai gaida wata. Ranar an hura wuta a gidajen da suka yi mako ba hayaƙi. Rabi ta sha romo ta yi barci ba kuka. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da na riƙe na yi ta kare kaina da shi shekara goma sha wani abu.

Papa Tete ya ji kafin la'asar. Ya je shi kaɗai ya tattara ƙasusuwa da ƙoƙon bayan, ya naɗe su a alawayyonsa ya binne sama da iyakar ruwa. Sannan ya zo zaurenmu, yashi har gwiwa. Baba ya miƙe ya ba shi buzunsa. Ina tsugune a bakin ƙofa, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da Hausarsa ta kasuwa ya yi magana.

"Mai nama, ku Hausa, in 'yarku ya yi ciki na fari, ina yana zuwa?"

Baba ya ce, "Gida take dawowa. Goyon ciki muke cewa."

"Don me?"

"Don nan ne ba ta tsoron kowa."

"To. Wannan da aka yanka, a yashin nan aka haife shi. Ya tafi ruwa shekara da yawa, ya ga ƙasa da yawa, duk yashin duniya bai yarda da shi ba sai namu. Ba baƙo ba ne. 'Yar gida ne, ya zo haihuwa."

Ya miƙe ya kakkaɓe zanensa ya tafi. Baba ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba, na ba shi wuƙar. Ya soka ta tsakanin dutsen wasa da ginshiƙi ya danne har ta karye gida biyu, wuƙar da ya gada daga ubansa. Ya ce, "Wannan ta gama aiki."

Da labarin da nake bayarwa a Stratford ne, a nan zan ce na tuba. Washegari na je kasuwa na sayi wata. An riga an buɗe ƙofa, kuma ciki ba ya jin wa'azi. Daga ranar ba sai an zo kirana ba, ni nake fita nema. Sandata ma ta daina sanin iyakar ruwa, ramin sama da na ƙasa duk ɗaya ne a wurinta. Da yunwa ta wuce, sana'ar ba ta wuce ba, don masu motoci sun riga sun ɗanɗana, masu maganin gargajiya suna neman man, wasu na neman ƙoƙon. Wasu samari suka koya a wurina, na zango da na masunta. Ban san nawa na yanka ba, ni da nake da lissafin komai a baki. Baba bai sake tayar da maganar ba, sai dai tun daga ranar ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Ranar da zan taho Ingila na durƙusa a gabansa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," irin yadda ake ce wa mai tallan gishiri. A sanyina na uku a nan wasiƙa ta zo cewa ya rasu, an yi sadakar arba'in kafin ta iso.

Yanzu aikina shi ne in zauna a bakin ƙofar wani ginin ofisoshi kusa da Charing Cross, cikin kwat mai maɓallan ƙarfe, in ce wa mutane barka da safiya su wuce kamar bango ne ya yi tari. Bas biyu da jirgi nake hawa kafin in isa. Ƙwai a kwali yake zuwa, kowanne da hatimi a goshi kamar ɗan sanda ya tantance shi. Ɗana na ƙarshe da aka haifa a nan, in na yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, ya ɗauka teku wuri ne da ake zuwa a doguwar mota sau ɗaya a shekara a sha iska a dawo da mura. Takarduna kuma suna hannun hukuma shekara da shekaru, in na fita ba ni da tabbacin shiga, don haka zancen in je da kaina in nuna musu bai taso ba. Kaset ɗin ne ko babu.

Na jefa kaset ɗin Inusa a durowa. Mako ya wuce, wata ya wuce. Hajiya, uwar 'ya'yana, wadda ita ma ta ci naman nan ta kuma san komai, takan ce, "Malam, ka amsa wa yaron nan." In ce mata batirin rikoda ya yi sanyi, ko in ce muryata na hutu, sai na yi booking. Na gaya wa kaina kaset ba shi da ido, zai koya wa mai gadi ya koya wa ɓarawo. Wannan hujja ce mai kyau, na yi kwana ashirin ina tauna ta. Amma ɓarayin sun riga sun cinye abin sata, ni na fi kowa sani. Kunya ce kawai, da kuma jin cewa in na buɗe baki na koyar, na amsa sunan da Papa Tete ya kira ni da shi.

Wata Lahadi da rana na shigo falo na tarar Rabi ta yi barci a kujerata, ƙafafu a kumbure a kan matashi, baki a buɗe, ƙofa a buɗe, rediyo na ta surutu. Motsina ya tashe ta. Ta ce, "Daddy, wallahi nan ne kawai nake samun barci. A can ko ƙofa ta yi ƙara sai na farka." Ta juya ta koma barcinta. Na daɗe a tsaye a kanta. Sannan na shiga ɗaki na ciro rikoda.

Na fara da kyau. Na bayyana sawun hawa da na sauka, na gargaɗe su da kwarin ƙarya, na zo kan sanda. Na ji bakina na cewa, "Idan ta zurma sai ka ciro ta ka duba bakinta, in ka ga gwaiduwa, to ka samu." Na danna maɓalli na tsayar. Alamata ke nan tun ina yaro. Ban taɓa gano rami ba sai da na fasa biyu ko uku, kuma ban taɓa damuwa ba, don mai ɗibar ɗari ba ya kukan uku. Ƙwan da ya fashe a rami kuwa yana ruɓewa ya kira tururuwa da kare ya lalata sauran. Ashe abin da Inusa ke roƙo ba ni da shi. Na iya nemowa don a ci, ban iya nemowa don a bari ba.

A ƙasan benenmu akwai wani ramin yashi da hukumar unguwa ta zuba wa yara, wanda karnuka suka fi yaran amfani da shi. Lahadi uku ina sauka da sassafe cikin sanyin da ke cire wa mutum farce, da guntun sandar tsintsiya da kwalin ƙwai a ƙarƙashin kwat. In haƙa rami iya tsawon hannuna, in zuba, in rufe, in watsa yashi kamar yadda take yi, in zagaya ginin sau biyu, in dawo in nema. Wata tsohuwar Baturiya mai kare ta tsaya ta tambaye ni ko wani na binne. Na ce mata kaji nake shukawa. Hajiya kuwa ta tare ni a bakin lif.

"Malam, dozin biyu na ajiye wa mai ciki."

"Suna ƙasa, Hajiya, suna hutawa."

"Nawa suka rage da rai?"

"Biyar."

Ta dube ni, ta dubi hannuna da ya yi ja ya kumbura, ta koma ciki. Da yamma na tarar ta sayo wani dozin ta ajiye a kan takalmina.

A Lahadi ta uku na gane. Sanda ba ta son tsini, a yanke bakinta ya zama dagum. Kada a riƙe ta da dunƙulen hannu, da yatsa biyu ake riƙewa, kuma kafaɗa ba ta da aiki a ciki. Da zarar yashi ya fara sakin jiki, tun kafin ta zurma, a tsaya a jefar da ita can nesa, a durƙusa a ci gaba da gefen tafin hannu kamar mai share wa jariri fuska. Ranar na fito da goma sha biyu cif, ko tsaga babu. Kafin in sami zama in ɗauka, Rabi ta haihu, mace. Na yi kaset ɗin a cikin hayaniyar jego, ruwan zafi na tafasa a kicin, jaririya na tsala kuka a ɗakin da ke jikin nawa. Na so in sake ɗauka a wuri mai shiru, amma mai tafiya zai tashi washegari, kuma lokacin hawansu ya riga ya shiga.

Amsa ba ta zo ba sai da itatuwa suka fara toho. Inusa ya ce kaset ya iso a makare. Huɗu sun riga sun hau kafin nan, alade ya tone duka huɗun, sun tarar da ɓawo a warwatse. Bayan isowarsa biyu suka hau, kuma duka biyun sun gano ramin ba su fasa ko ɗaya ba. Ɗaya babbar igiya ta haura ta jiƙa shi ya ruɓe. Ɗayan suka kewaye, suka yi ta gadinsa bi da bi wata biyu, ɗan masunci da ɗan zango, har ƙwan ya ƙyanƙyashe. Sun raka 'ya'yan da ƙafa suna korar hankaki, goma sha ɗaya suka shiga ruwa.

"Mun kai wa Papa Tete kaset ɗinka ya ji," in ji Inusa. "Ya ji duka. Sai ya ce a mayar wurin da yaro ke kuka. Ya ce ɗan wa ne. Na ce jikanka ne, 'yarka ya zo gida haihuwa. Ya ce, to, ɗan mahauci ya gane ke nan. Bai ce ya yafe ba, Yaya, ba zan maka ƙarya ba. Ya rasu saura kwana tara ƙwan ya ƙyanƙyashe."

Yarinyar nan ta Ankara ta gaya musu wai in Allah ya raya wata a cikin goma sha ɗayan, sai ta yi shekaru masu yawa a ruwa kafin ta dawo neman yashin da aka haife ta. Watakila lokacin jikata ta isa haihuwa. Ita ban san inda za ta kira gida ba, ko hawa na bakwai a Thamesmead, ko zangon da ba ta taɓa gani ba.

Juma'ar da ta biyo baya na je Stratford. Ban gama wanke hannu ba Malam Sani ya ce, "To Sarkin Ƙari, yau kunkurayen garinku nawa ne?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

"Dubu goma sha ɗaya?"

"Goma sha ɗaya."

Suka dakata da cokula a hannu suna jiran sauran. Malam Sani ya karkato kai yana murmushi.

"Haba Alhaji, ko 'yar gyara babu?"

Na ce, "Babu gyara, Malam. Gyaran ni na cinye shi tun ina saurayi."